A sakar wa ƙananan hukumomi mara

Matsayinmu shi ne a aiwatar da hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 ba tare da jan ƙafa ba, kuɗin ƙananan hukumomi su shiga asusunsu kai tsaye. Idan famfon burtsatse ya lalace a Tafashiya, ko rufin ajin firamare ya fara yoyo da damina, sakatariyar Kankiya talaka yake nufa da kokensa. Shugaban da sai gwamna ya amince kafin ya sayi buhun siminti ba zai share masa hawaye ba.

Ya kamata Majalisar Dokokin Katsina ta gyara dokokin da suka ɗaure hannun ƙananan hukumomi 34, ta kuma wajabta wa kowacce, har da Kankiya da Kusada, ta riƙa liƙa kasonta na wata-wata a ƙofar sakatariya, domin jama'a su bi kadin kuɗinsu.