Kafin A Sake Cefanar Da Wutarmu, A Nuna Mana Takarda

Lokacin da hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta sallami shugabannin kamfanin raba wutar lantarki na Kaduna a watan Janairun 2024, kan bashin naira biliyan 110, zance ɗaya aka yi ta maimaitawa: za a damƙa shi ga sabon mai zuba jari. Mun ji. Sai dai a Bungudu ba yau aka fara yi mana wannan albishir ba. Shi aka yi mana a ƙarshen 2014, lokacin da aka miƙa Kaduna da Kebbi da Sakkwato da Zamfara ga kamfanin Northwest Power, aka ce duhu ya ƙare. Shekara takwas ba ta cika ba banki ya zo ya karɓe kayansa, domin ashe da rance aka yi sayayyar. Wanda ya ci bashi ya sayi shago, ya rasa hajar da zai zuba a ciki, ba mai jari ba ne, kuma mu muka biya kuɗin wannan ganganci.

A tsaya bakin titin Gusau zuwa Sakkwato da hantsi a gani. Mai walda ya tsuguna yana jan igiyar janareta, ƙofar da ya yi alkawarin gamawa tana jingine da bango, rabin kuɗin aikin ya riga ya tafi gidan mai. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, yarinyar da aka aika niƙa a Nahuce ko Kwatarkwashi takan dawo da kwanonta a ce kuɗin bai kai ba. In taransifoma ta ƙone kuwa, mai unguwa ne ke ɗaukar littafi yana bi gida-gida ana karo-karo, alhali ƙa'idar NERC kanta ta ce sayen taransifoma da turaku da waya nauyin kamfani ne. Talaka ya zuba jarin, wani ya karɓi sunan mai jari. Bayan haka a kawo masa bil na ƙiyasi, ba mita.

Ana cewa jama'a ba sa biyan kuɗin wuta, kuma 'yan bindiga sun hana ma'aikata shiga ƙauyuka. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma ba 'yan bindiga suka hana a saka mita a cikin garin Bungudu ba.

Saboda haka buƙatarmu ɗaya ce: a buga yarjejeniyar, da Hausa, kowa ya karanta. Nawa mai jarin zai zuba daga aljihunsa, nawa ne rance? Mita nawa, taransifoma nawa, a wace gunduma, zuwa wane wata? In ya saɓa, mene ne hukuncinsa? Tsarin Band A na Afrilun 2024, da aka fara da naira 225 kowane yunit da alkawarin wutar awa 20, ya riga ya nuna wa kamfanoni inda riba take. In ba a rubuta sunan ƙaramar hukuma irin tamu a takarda ba, ba wanda zai waiwaye ta.

Zamfarawa sun san ƙarshen cinikin biri a sama. A ofisoshi masu nisa aka ƙulla aikin madatsar Bakalori da kamfanin Impresit na Italiya, kuma da manoma suka nemi diyyar gonakinsu a 1980, harsashi aka ba su. Har yau dattawa ba su daina ambaton ranar ba.

Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon kafa tasu kasuwar wuta da gayyato nasu masu jari. Gwamna Dauda Lawal da Majalisar Dokoki ba su da sauran uzurin cewa zancen Abuja ne. Duk wanda za su kawo, na hasken rana ne ko na layi, a fara kafa takardar yarjejeniyarsa a sakatariyar ƙaramar hukumar Bungudu, a karanta ta a rediyo, sannan a sa hannu.