Raddi Ga Masu Cewa Takobi Ne Ya Yaɗa Addinan Zamanin Da

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin wasu masu karatu, wai duk addinin da ya ƙetare iyakar ƙasarsa a zamanin da, ƙarfin sarauta ne ya kai shi, talakawa kuma suka bi don tsoro. Hujjoji uku suke kafawa, za mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Suka ce: ba don Sarki Asoka na Indiya ba, da addinin Buddha bai fita daga kwarin kogin Ganga ba.

Muka ce: Asoka ya hau mulki wajen shekara ta 268 kafin miladiyya, lokacin addinin ya haura shekara ɗari yana da mabiya. Yaƙin Kalinga kuwa ba don addini ya yi shi ba. A rubutun da ya sa aka sassaƙa a jikin duwatsu, shi da kansa ya nuna nadamar jinin da ya zubar, daga nan ya koma aika manzanni maimakon runduna. To, ƙasar Sin fa, wane sarkin Indiya ne ya taɓa mulkinta? Fatake ne da masu zuhudu suka bi hanyar cinikin siliki da addinin. An Shigao, mutumin Farisa, ya isa birnin Luoyang a 148 miladiyya, ya zauna yana fassara. Xuanzang, wani mai zuhudu, ya fice daga Sin zuwa Indiya a 629 ba da izinin sarki ba, ya ratsa hamada da tsaunuka, ya dawo a 645 da littattafai 657.

Suka ce: Kiristanci bai kafu ba sai da Sarki Kustantin na Rum ya ɗaure masa gindi a 313.

Muka ce: a 303, shekara goma kacal kafin nan, Sarki Diyokilishiyan ya ba da umarnin rushe majami'u da ƙona littattafansu. Ai ba a tayar da hukuma guda a kan abin da bai kafu ba. A Aksum ta Habasha kuma, Furumentiyus, saurayi daga birnin Taya da aka kama aka kai fada, shi ya zama sanadin musanya addinin Sarki Ezana. Kuɗin da Ezana ya buga shaida ne: na farko ɗauke suke da jinjirin wata da faifan rana, na baya kuma da gicciye. Babu sojan Rum ko ɗaya a cikin wannan labari.

Suka ce: ko ma dai mene ne, talaka addinin sarkinsa yake bi.

Muka ce: a duba Fir'auna Akhenaten na Masar, a ƙarni na 14 kafin miladiyya. Ya tilasta bautar rana, ya gina sabon birni a Amarna, ya sa aka kankare sunan gunki Amun daga jikin gine-gine. Yana mutuwa aka watse daga birnin, aka koma gidan jiya a zamanin Fir'auna Tutankhamun. A gwada shi da Mani, mai wa'azin wani sabon addini, wanda ya mutu a kurkukun Sarki Bahram na Farisa a ƙarni na 3 miladiyya, amma koyarwarsa ta kai Arewacin Afirka a yamma, ta kai Sin a gabas.

Ba mu musa cewa sarakuna sun taimaka ba, wasu ma sun tilasta, kamar Tiyodosiyus na Rum da ya haramta yanka wa gumaka a 392. Sai dai galibi sarki yakan tarar da addini ya riga ya shiga kasuwa da gidaje, sannan ya rungume shi. Hukuma tana iya rufe ɗakin bauta, amma ba ta da iko a kan abin da uwa take koya wa ɗanta.

Don haka muna kira ga masu wannan ra'ayi su koma su bi tarihin kowane addini daki-daki, da shekarunsa da hanyoyin da ya bi, kafin su yanke wa dukkansu hukunci ɗaya.