Shagon rediyon mota: iya haɗa waya bai isa ba

Matasa da dama sun iya ɗaura rediyon Pioneer ko sifikar JBL a mota, har suna ganin lokacin buɗe shago ya yi. Sun yi gaggawa.

Kayan nan daga waje suke zuwa, farashinsu na bin dala. Tun faɗuwar naira a 2023, duk wanda ya sayar bai lissafa kuɗin sabon sari ba, jarinsa narkewa yake. Ga haya, ga man janareta, ga abokai masu cin bashi. In waya ɗaya ta kuskure ta ƙona wani abu a motar mutane, biya ya hau kansa.

Gara matashi ya fara zama yaron shago a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko ta Fantekar Kaduna, ya koyi sari da rubuta ciniki kafin ya kama haya.