Abincin Wani Gubar Wani

Tun daga Bebeji da Ƙiru har Tudun Wada da Doguwa, kare da kyanwa barori ne marasa albashi. Kare ke gadin garke a gefen dajin Falgore, shi ke bin maharba. Kyanwa kuwa ita ke tsare buhunan shinkafa da masara daga ɓarnar ɓera. Lalle hakkinsu yana wuyan masu su.

To, yau magungunan dabbobi sun cika kasuwa, har da ƙwayoyin ƙarin lafiya waɗanda aka yi domin kyanwa. Akan haɗa su da ɗanɗanon kifi ko nama, sabo da haka in kare ya tarar da su a ƙasa sai ya lashe sarai. Ƙwaya ɗaya ko biyu galibi ba ta wuce amai da zawo. Amma shanye kwalba guda babban haɗari ne, domin bitamin D ba ya bin fitsari ya fice. Taruwa yake yi a jiki, ya lalata ƙoda. Ishara ta ishi mai hankali: da wannan bitamin ɗin ake haɗa wani irin maganin ɓera.

Kyanwa ma ba ta tsira ba. Maganin kaska na karnuka mai permethrin yana sa ta karkarwa har ta mutu, ƙwayar farasitamol guda ɗaya tana iya halaka ta. Monensin da ake zubawa cikin abincin kaji guba ne ga doki. A ƙasar Indiya an yi ta yi wa shanu allurar diclofenac, ungulaye suka ci mushensu, fiye da kashi 90 cikin 100 na wasu irinsu suka ƙare, sai a 2006 aka hana ba dabbobi ita.

Wani zai ce ai magani magani ne, talaka ba shi da kuɗin sayen iri biyu. Wannan arha ce mai tsada, gama wanda ya rasa karensa ya buɗe wa ɓarawo garke.

Sabo da haka nauyin yana kan mai sayarwa. Kada ya ɓare magani daga kwalinsa ya ƙulla a leda ba suna. Ya duba lambar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993, sa'an nan ya tambayi mai saye, wace dabba za a ba? Malamai su faɗakar da almajirai da magidanta: a rataye magani sama inda baki ba ya kai. In kuwa ɓarna ta auku, a ɗauki dabbar tare da kwalin a kai wa likitan dabbobi nan take, kada a jira sai ta kwanta.

Allah ya sa a gane. Wassalam.