Jirgin yaƙin aro ba zai tsare mana teku ba

Kumasi na da nisa da bakin teku, shi ya sa idan aka ce 'yan bindiga sun tare jirgin ruwa, da yawanmu a Zango sai mu ɗauka labarin wasu ne. Alhali shinkafar Kejetia, kayan gyaran mota na Suame Magazine da daskararren kifin Asafo, yawancinsu ta Tema ko Takoradi suke shigowa. Hari ya yi yawa, kamfanin inshora ya ƙara kuɗi, mai jirgi ya ƙara kuɗin dako, a ƙarshe mai cefane a Aboabo ko Asawase ita ke biya.

To, wa ke kawo ɗauki idan abin ya faru? Mu duba Bahar Maliya. A Nuwamban 2023 mayaƙan Huthi na Yaman suka kama jirgin Galaxy Leader, suka ce saboda Gaza ne. Cikin wata guda Amurka ta haɗa rundunar ƙawance. A Janairun 2024 ita da Ingila suka fara kai hari ta sama a Yaman, a Fabrairu Tarayyar Turai ta tura nata jiragen. Duk da haka manyan kamfanoni suka ci gaba da zagayawa ta Afirka ta Kudu. Zuciyarmu na tare da mutanen Gaza, wannan ba a ɓoye yake ba. Amma ma'aikata uku da aka kashe a jirgin True Confidence a Maris na 2024, biyu 'yan Filifin ɗaya ɗan Biyetnam, abinci suka fito nema.

Yanzu mu dawo namu ruwan. A 2020, cikin ma'aikatan jirgi 135 da aka sace a duniya, 130 a Tekun Gini aka ɗauke su, a ƙididdigar cibiyar IMB. Ba mu ga irin waccan runduna ba, don hanyarmu ba ita ce ta haɗa Turai da Asiya ba. Denmark ta turo jirgin yaƙi guda, Esbern Snare. A Nuwamban 2021 sojojinsa suka kashe mutum huɗu da ake zargi da fashi, suka kama wasu huɗu. Sai me? Ba a samu ƙasar yankin da za ta karɓe su ta yi musu shari'a ba, aka saki uku a teku, aka kai ɗaya Denmark. A Fabrairun 2022 rikicin Ukraine ya taso, aka kira jirgin gida. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Abin da ya daɗe yana aiki shi ne wanda aka gina a nan. Yarjejeniyar Yawunde ta 2013 ta sa ƙasashen yankin musayar bayanai, kuma ɗaya daga cikin cibiyoyinta na Accra. Najeriya ta yi dokar yaƙi da fashin teku a 2019, a 2021 kotu a Legas ta ɗaure mutum goma. Hare-hare sun ragu ƙwarai, amma ba su ƙare ba. A Maris na 2025 an sace 'yan Sin uku daga jirgin kamun kifi na Mengxin 1 a ruwan Ghana.

A 2022 Ghana da Norway ne suka gabatar da ƙuduri mai lamba 2634 a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya nemi ƙasashen yankin su sa fashin teku cikin dokokinsu, su kuma gurfanar da masu yi. Wanda ya kawo magana, shi ya kamata a fara gani a kanta.

Don haka muna kira ga 'yan majalisarmu, musamman na Asawase da sauran mazaɓun da ke da Zango, su tashi su yi tambaya a fili. Idan aka kama ɗan fashi a tsakiyar teku, kotun Ghana za ta iya hukunta shi, ko daga wace ƙasa yake? Nawa aka ware wa sojojin ruwa na mai da gyaran jirage? Ƙungiyoyin 'yan kasuwarmu ma su sa baki, tunda daga aljihunsu kuɗin ke fita. Baƙi na iya taimakawa da horo da na'urori, muna maraba. Gadin kuwa namu ne.