Sana'ar Cikin Gida: Abin da Ake Wakiltawa da Abin da Ba a Wakiltawa

Garin Paikon Kore da ke cikin Ƙaramar Hukumar Gwagwalada, a yankin Babban Birnin Tarayya, an fi saninsa da gandun kiwo da gwamnati ta keɓe wa makiyaya, da kuma cibiyar tattarawa da sanyaya madara wadda kamfanin Nestlé ya kafa a can tare da haɗin gwiwar hukumomin birnin. To amma bayan shanu da madara akwai wata harkar tattalin arziki da ba a cika lissafawa da ita ba, wato sana'o'in da mata ke gudanarwa a tsakar gida: dama fura, soya man shanu, haɗa kindirmo, matsar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, da kuma ɗinki. Masu kuɗin sayen waɗannan kayayyaki suna Gwagwalada, inda ma'aikatan Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ɗalibai suke, suna kuma cikin birnin Abuja, mai nisan kimanin kilomita 50. Tambayar da ke gaban mai irin wannan sana'a ita ce yadda za ta kai kayanta ga waɗannan mutane ba tare da ta bar murhunta ba, kuma ba tare da riba ta zurare a hanya ba.

Wannan tambaya ba sabuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tun a shekarar 1969 wata masaniya 'yar Ingila mai suna Polly Hill, wadda ta yi nazari a Batagarawa kusa da Katsina, ta bayyana yadda matan kulle ke gudanar da cinikin hatsi da abinci daga cikin gidajensu, har ta kira shi ɓoyayyen ciniki. Ginshiƙin wannan ciniki shi ne wakilci. Yarinya 'yar talla ita ce ke ɗaukar kaya zuwa kasuwa da lungu-lungu, dillaliya kuwa ita ke shiga gida-gida da atamfa da kwanuka tana sadar da mai saye da mai sayarwa, a ba ta la'adarta. Ke nan macen Hausa ta daɗe da sanin cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin da ya sauya shi ne kayan aiki. Kafin zuwan wayar salula a watan Agustan 2001, layukan tarho da ke aiki a duk faɗin Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba, kuma mallakar ɗaya daga cikinsu sai ma'aikatun gwamnati da manyan 'yan kasuwa. Yanzu kuwa hoto guda da aka ɗora a WhatsApp ko Facebook ko Instagram yana yin aikin da 'yar talla ke yini tana yi, saƙon murya kuma ya kawar da matsalar rashin iya rubutu. Ƙarancin takardun kuɗi da aka fuskanta a farkon shekarar 2023, sakamakon sauya fasalin Naira, ya tilasta wa ɗimbin ƙananan masu sana'a karɓar kuɗi ta asusun banki. Wannan ci gaba yana da wata fa'ida da ta wuce ciniki, domin duk tallar da waya ta ɗauke, yarinya ce ta samu damar zama a aji.

Sai dai kuma waya ba ta dama fura, ba ta kuma hawa babur. Don haka wakilci bai mutu ba, sabon salo kawai ya ɗauka. A yau mai sana'a takan nemi saurayin da zai ɗauki hoton kaya ya kuma amsa saƙonni, da mai babur ko direban mota da zai kai saƙo, da mai buga takardar da ake liƙawa a jikin roba, da mai POS da zai musanya mata kuɗi. A ma'aunin tattalin arziki wannan daidai ne. Tun a shekarar 1776 Adam Smith ya nuna cewa rarraba aiki yana ƙara yawan abin da ake samarwa, a 1937 kuma Ronald Coase ya bayyana cewa kowace harka takan auna ko ta yi wani aiki da kanta ko ta saye shi daga waje, gwargwadon wanda ya fi sauƙin tsada. Matar da za ta rufe sana'arta yini guda domin ta kai roba biyar Abuja ta yi asarar kuɗin mota, ta kuma yi asarar abin da za ta sarrafa a wannan yini.

Inda gizo ke saƙar shi ne a kan abin da aka wakilta. Akwai abubuwa uku da bai kamata su bar hannun mai sana'a ba ko da wasa: layin wayar da abokan ciniki suka sani, asusun da ake zuba kuɗi a ciki, da littafin da ake rubuta shiga da fita. Dalili kuwa a fili yake. Jarin mai sana'ar cikin gida ba tukunya ba ce ko keken ɗinki, domin ana iya sayen waɗannan a kasuwa gobe. Jarinta na haƙiƙa shi ne mutanen da suka ɗanɗana kayanta suka amince da shi, da hanyar da take samunsu. Tun daga watan Disamban 2020 gwamnati ta wajabta haɗa kowane layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa, saboda haka wanda aka yi wa layi rajista da sunansa shi ne mai layin a idon hukuma. Idan an buɗe shafin talla da layin ɗan aike, aka kuma riƙa karɓar kuɗi ta asusunsa, to ranar da aka samu saɓani zai tafi da kasuwar ɗungurungum, mai sana'a ta koma tamkar ma'aikaciya a harkar da ita ta kafa. Dillaliyar da ba ta iya yin haka cikin sauƙi, domin unguwa ɗaya ake zaune kuma kowa ya san gidan da kaya suka fito. A intanet kuwa mai saye lamba kawai ya sani.

Haka nan bai dace a ɗauki dandalin sada zumunta a matsayin mallaka ba. Rumfar aro ce, kuma kayan aro ba ya rufe katara. A ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke na kimanin sa'o'i 6 a duniya baki ɗaya. A cikin wannan shekara kuma Gwamnatin Tarayya ta dakatar da Twitter tun daga watan Yuni, ba a kuma ɗage takunkumin ba sai a Janairun 2022. Waɗanda suka dogara da shafi ɗaya tak sun ɗanɗana kuɗarsu. Maganin wannan ba ya buƙatar kwamfuta: littafi ne na makaranta da za a rubuta sunayen abokan ciniki da lambobinsu, da abin da kowa ya saba saye, da bashin da ake binsa.

Batu na gaba shi ne tsadar wakilci, wadda ta ƙaru matuƙa. Bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, farashin lita ya tashi daga ƙasa da N200 zuwa sama da N500 cikin 'yan kwanaki, ya kuma ci gaba da hawa daga bisani. A Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da abin da bai wuce kashi 50 cikin ɗari ba. A ɗauka, alal misali, ribar kowace robar man shanu N500 ce, kuɗin kai saƙo Abuja kuma N3,000. Sai an sayar da roba 6 kafin a fanshe kuɗin tafiya kaɗai, ban da data da ladan mai amsa saƙo. Wadda ba ta rubuta lissafi za ta ga kaya suna fita, waya tana ƙara dare da rana, ta zaci kasuwa ta buɗe, alhali kuwa uwar kuɗi take ci.

Wasu na ganin cewa wannan shawara ta yi wa matan karkara nauyi, tunda da yawansu ba su yi karatun boko ba, kuma dole su jingina da 'ya'ya ko ƙanne. Akwai ƙamshin gaskiya a wannan magana, amma ba ta rushe hujjar ba. Jingina da ɗa daban, miƙa masa mallaka daban. Ana iya yi wa layi da asusu rajista da sunan mai sana'a, a bar yaro ya riƙa sarrafa waya a gabanta, ita ce kuma za ta riƙe lambar sirri. Ana iya rubuta littafi da boko ko da ajami. Ladan kowane wakili kuwa a yanke shi tun farko a gaban shaidu, ko mai unguwa ko Arɗo, domin yawancin rigimar da ke raba zumunci a kan ladan da ba a ambata ba take tasowa. Kada kuma kaya su fita saboda hoton shaidar biya da aka turo, sai an tabbatar kuɗi sun shiga asusu.

A nan ne ƙungiyoyin gama kai ke da rawar takawa. Mata goma da suka haɗa kayansu suka aika da mota ɗaya a ranar da aka tsayar za su biya kaso kaɗan na abin da kowacce za ta biya ita kaɗai. Binciken da Hukumar Bunƙasa Ƙanana da Matsakaitan Sana'o'i, SMEDAN, ta gudanar tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ya nuna cewa yawan irin waɗannan sana'o'i ya ragu daga kimanin miliyan 41.5 a 2017 zuwa kimanin miliyan 39.6 a 2020, kuma mafi yawansu ƙanana ne ƙwarai. Ya kamata wannan hukuma, da Ƙaramar Hukumar Gwagwalada, su fahimci cewa rabon keken ɗinki da injin markaɗe a wurin biki bai wadatar ba. Abin da ya fi amfani shi ne horo da Hausa da Fulfulde da Gbagyi a kan rubuta lissafi, kare layin waya, da hanyar samun rajistar NAFDAC ga masu sarrafa abinci, domin ita ce ke buɗe ƙofar manyan kantuna.

Daga ƙarshe, ya dace mai sana'ar cikin gida ta wakilta duk aikin da wani zai yi da sauƙi fiye da ita: tafiya, ɗaukar hoto, buga takarda. Amma layinta, da asusunta, da littafinta su kwana a ɗakinta. Wadda ta kiyaye waɗannan uku tana iya sauya ɗan aike ko dandali a duk lokacin da ta ga dama, kasuwarta kuma tana nan daram.