Dokar Taba Da Masu Tebur

A watan Mayu na 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan dokar taƙaita shan taba ta ƙasa, wadda ta gaji dokar soja mai lamba 20 ta 1990. Sai a 2019 Majalisar Tarayya ta amince da ƙa'idojin aiki da ita. Dokar ta hana busa taba a asibiti da makaranta da motar haya da gidan abinci, wanda ya saɓa kuwa tarar naira 50,000 ce ko ɗaurin wata shida. Ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Har wa yau ta hana sayar da sigari kara-kara, sai dai kwali mai kara 20.

Wannan hani na ƙarshe shi ne ya fi shafar 'yan Arewa mazauna Kudu. Mutumin da ya baro Yindiski ta Potiskum a bayan motar shanu, ya sauka Agege ko Sabon Ibadan, sau da yawa da tebur yake fara neman abinci: alewa, ashana, sabulu, da kwalin sigari a buɗe. Ribarsa a kara ɗaya ba ta taka kara ta karya ba, amma ita ke jawo masu ciniki.

Duk da haka hukuma tana da gaskiya. Yaro ba ya iya sayen kwali, amma canjin aike ya ishe shi sayen kara guda, kuma daga nan ake farawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa taba takan kashe har rabin masu shanta waɗanda ba su daina ba. Mai tebur da ya miƙa wa ɗan wani kara a Legas, ya tuna akwai wani tebur a Yindiski, kusa da gidan da ya bar nasa 'ya'yan.

Inda Gwamnatin Tarayya ta gaza shi ne wajen bayani. An rubuta doka da Turanci, an buga gargaɗin kwali da Turanci, sa'an nan a ce mutumin da karatunsa na allo ne ya kiyaye. Dokar da ba a bayyana ba kuwa, ƙarshenta ta zama sandar da ƙananan ma'aikata ke tatsar talaka da ita, alhali kamfanonin da ke da masana'anta suna da lauyoyinsu.

Kamata ya yi Ma'aikatar Lafiya ta fassara dokar da Hausa, boko da ajami, ta miƙa wa Sarakunan Hausawa na Kudu da shugabannin tasha da limamai. Jihar Yobe kuma ta tanadi wurin taimakon masu son dainawa a asibitin Potiskum, tun da can ake mayar da mai tari idan jinyar Kudu ta gagara.